Benen Baƙuwa

"Maimaita abin da kika ce, Uwata. Ban ji da kyau ba."

Baba bai ko ɗago kai ba. Ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo yana maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannunsa, ya duƙufa a kan wani agogo da ya buɗe wa ciki. Ni kuwa ina durƙushe a gefen teburin, hawaye ya gama wanke min fuska.

"Cewa na yi Dogo ba shi da garaje, Baba. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai haƙurinsa ba. Ko kyanwoyin layinsu sun san shi, a shagonsa suke wuni."

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta tare a gidanmu tun bayan rasuwar Umma, ta saki 'yar dariya daga bakin ƙofa.

"Ji min yarinya. Ana maganar mijin aure tana kawo shaidar kyanwoyi."

Ban tanka mata ba. Na san halina, in na buɗe baki ranar ba za mu kwashe lafiya ba.

Bari in faɗa muku laifin Dogo, kar ku ɗauka wani mugun abu ya yi. Mai walda ne, shagonsa yana kan hanyar makarantar da nake koyarwa. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Baba, yana durƙushe kenan magen gidanmu ta yi tsalle ta hau teburin aiki, ta ture farantin 'yan kusoshin agogo, waɗanda ko ƙwayar gero ta fi su girma. Suka watse a ƙasa.

Bawan Allah ya ga hanyar burge suruki ta samu. Ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, ya share ƙasa da shi tas, kusoshi suka manne, ya ɗora shi a kan tebur yana murmushi, daidai gefen agogo uku da suke a buɗe.

Ashe agogo ba ya shiri da mayen ƙarfe. Ɗaya ya tsaya cak, biyu suka kama gudu kamar ana korar su. Sati guda Baba ya yi kafin ya dawo da su hayyacinsu.

Tun daga ranar ya yanke hukunci: "Hannunsa yana riga tunaninsa. Ba zan ba shi 'yata ba."

Gwaggo kuwa dama tana da nata a ƙasa, Mai Kemis, ɗan wata ƙawarta, mai farar riga da ƙamshin turare, wanda gaisuwarsa kaɗai takan ci minti biyar.

Ina nan durƙushe ina sharɓe, sai ga mai laifin ta shigo tana kaɗa bindi. Baƙuwa kenan. Umma ce ta tsince ta wata rana ana ruwa, ta raɗa mata wannan suna. Da ran Umma ba a taɓa jin kanta ba. Amma wata takwas ɗin nan ta zama wata halitta daban: ta yage kujerun falo, ta daina amfani da kwanon yashinta, teburin Baba kuwa ta mai da shi titi.

Kafin in miƙa hannu ta yi sama. Farantin ya kife.

Baba ya cire gilashin daga idonsa a hankali. Ya dubi magen, ya dube ni.

"To, ga ɗaliba nan. Tunda kin ce mai haƙuri ne, ya koya mata zaman gida. Kwana talatin na ba ku. Ba zai taka min gida ba, ke za ki karɓo darasin ki kawo. In a kwana bakwai na ƙarshe ƙafarta ba ta taɓa teburin nan ba, ya zo mu yi magana. In kuwa ta hau, ko sau ɗaya ne..."

Gwaggo ta cafe zancen. "Ta bar gidan nan, a rufe maganar mai walda, ke kuma ki saurari Mai Kemis."

Na jira Baba ya gyara mata. Bai gyara ba.

"Kin yarda, Uwata?"

Shekarata ashirin da bakwai, yara arba'in nake juyawa a aji, babu wanda ya sa min wuƙa a wuya. Ni da bakina na ce, "Na yarda."

Baƙuwa ta zauna a tsakiyar teburin tana lasar ƙafa.

*

Washegari da aka tashi daga makaranta na biya ta shagon Dogo. Na same shi ya rufe fuska da garkuwar nan ta walda, wuta tana tartsatsi ta ko'ina, ƙara kamar kunne zai fashe. A kan wata tsohuwar taya, taku uku daga inda yake, wata jar kyanwa tana barcinta hankali kwance.

Ya kashe inji, ya ɗage garkuwar. Yana ganin idona ya ce, "Malama, wa ya taɓa min ke?"

Na zayyana masa komai, ina yi ina kuka, har da cewa na riga na ba da kalmata.

"Na kashe mu, Dogo. Baƙuwa ba ta jin magana. Na daka mata tsawa, na watsa mata ruwa, na kulle ta a ɗaki. Ko a jikinta."

Ya goge manyan hannuwansa da tsumma, ya jawo min benci. Bai ce min ki yi haƙuri ba, tambaya ya fara.

"Teburin Baba a ina yake?"

"Jikin taga."

"Da ma can a nan yake?"

"A'a. Da yana can lungu. Bayan rasuwar Umma ne ya jawo shi, ya ce ya fi haske."

"Me ke jikin tagar kafin nan?"

Kujerar Umma ce a wurin. A nan take zama da hantsi tana tsintar shinkafa, Baƙuwa a cinyarta, rana tana dukan su su biyu. Da aka yi rasuwa Baba ya sa aka kai kujerar ɗakin ajiya don ba ya iya kallon ta.

Dogo ya ce a hankali, "Ba agogon Baba take nema ba, Malama. Wurinta take nema. Kullum tana zuwa ta duba ko mai wurin ta dawo."

Wata takwas muna gida ɗaya da dabbar nan, muna zagin ta safe da yamma, babu wanda ya gane ta'aziyya take jira. Sai wannan ƙaton da Baba yake ce wa mai garaje, wanda sau ɗaya tak ya taɓa ganin ta.

"A ina ka san wannan duk?"

Ya nuna jar kyanwar da haɓa. "Wannan ce malamata. A ƙarƙashin tarin ƙarafa na tsince ta, ba ta bari ko inuwar mutum ta matso. Wata huɗu na yi ina ajiye mata abinci in juya baya. Mage ba a hana ta abu, Malama. Sai dai a ba ta wanda ya fi shi."

Kwana biyu bayan nan mai kurar ɗaukar kaya ya sauke wani abu a ƙofar gidanmu. Doguwar sandar ƙarfe ce mai faffaɗan gindi, an naɗe ta da igiya tun daga ƙasa har sama don karce farce, a samanta kuma ɗan gado mai gefe. Ta ɗara teburin Baba tsawo da kamu biyu. Duk inda ya haɗa ƙarfen ya goge shi sumul, ko zare ba zai maƙale ba.

Gwaggo ta zagaye shi sau biyu tana riƙe da haɓa. "Ikon Allah. Mu muna kwana a ƙasa, mage ta samu bene."

Sunan da ya bi shi kenan.

Na kafa benen a jikin taga, gefen teburin. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko tsohon mayafin Umma, wanda ba a wanke ba, na shimfiɗa a kan gadon kamar yadda Dogo ya ce. Baba ya ga mayafin, ya kau da kai.

Darasin ba shi da yawa. Ba duka, ba tsawa. Kwanon yashi a canza shi kullum, a ajiye shi nesa da inda take ci. In ta karci kujera, a ɗauke ta a kai ta jikin igiya. Sannan in ƙwanƙwasa ƙarfen benen da cokali sau biyu, in ta hau in ba ta ɗan busasshen kifi nan take, ba bayan minti ɗaya ba.

Rana ta uku ta hau. Ta shinshina mayafin, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta murza fuskarta a jiki ta kwanta. Na tsaya da cokali a hannu ina kuka kamar wata sakara.

*

Kar ku ɗauka shi kenan. A kwana na goma sha biyu abin ya dagule, ya fi na da muni. Baƙuwa ta koma hawa teburin sau biyar, sau shida a wuni. Ta hau, ta zauna, ta zuba min ido.

Gwaggo har waƙe-waƙe take a kicin.

Ranar ce Mai Kemis ya zo gaisuwa da ledar lemo. Ya ji labari, ya yi murmushin nan nasa. "Ai da kun faɗa min, Baba. Akwai maganin da ake ɗiga musu a ruwa, su wuni suna barci. Ba mai hawa tebur."

Yana maganar ne Baƙuwa ta zo shinshinar takalminsa. Fuskarsa tana wajen Baba, murmushin bai gushe ba, amma na ga yadda ya sa ƙafa ya hankaɗe ta ƙarƙashin kujera. Ni kaɗai na gani. Na miƙe na bar falon kafin bakina ya ja min.

Da yamma na isa shagon Dogo a fusace.

"Dabararka ba ta aiki. Saura kwana goma sha ɗaya a fara ƙirga na ƙarshe, ita kuwa sai abin da ya ci gaba."

"Zauna tukuna. In ta hau teburin, me kike yi?"

"Me zan yi? In ɗauko kifi in lallaɓa ta ta sauko, kafin Baba ya gani."

Ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara rawa. Wai dariya yake ƙunshewa, ni ina cikin wannan hali.

"Dogo, wallahi zan tashi."

"Yi haƙuri, Malama. Amma ɗalibarki akwai ƙwaƙwalwa. Kin koya mata cewa duk mai son kifi ya hau tebur. Ta haddace darasin tsaf."

Na dafe kai. Shekara biyar ina koyarwa, na san sarai yaron da ake ba alewa don ya daina kuka gobe ma zai yi kukan. Ga shi mage ta yi min wayo a gidanmu.

"Daga yau in ta hau, ki ɗauke ta ki ajiye a ƙasa. Kar ki kalle ta, kar ki yi mata magana. Kifi a bene kaɗai yake. Kuma ki roƙi Baba ya daina yi mata tsawa."

"Tsawar ma?"

"Wanda aka daina kulawa, ko tsawa aka yi masa ya samu wani abu."

Na daɗe ina kallon sa. Hannuwan nan duk tabon ƙuna, yatsu kamar taɓarya, amma jar kyanwar ta zo ta cusa kai a tafinsa ya shafa ta da yatsa ɗaya. A raina na ce, ya Allah, in ba wannan ba, ban san wa zan iya zama da shi ba.

Roƙon Baba ya fi koyar da magen wuya. "Wato ni ma an sa ni a ajin kenan," in ji shi. Amma ya daina. Sau da yawa nakan ga ya cika ya batse, ya haɗiye, ya kira ni in sauke ta.

A kwana na goma sha tara ta hau sau ɗaya. Na ashirin da ɗaya ba ta hau ba. Kujerun falo suka huta, igiyar bene ta yi gashi-gashi saboda karta. Da hantsi in rana ta shigo, za ka ga Baba a ƙasa yana aikinsa, Baƙuwa a sama a kan mayafi tana leƙen hannunsa, babu mai damun wani.

Kwanakin ƙarshe suka fara. Ɗaya, biyu, uku, har shida. Gwaggo ta daina waƙa.

*

Rana ta talatin na dawo daga makaranta da sassarfa, zuciyata fal. Tun daga ƙofa na ji muryar Gwaggo.

"Sai ki shigo ki gani da idonki."

Farantin yana kife a ƙasa. Kusoshi sun watse har ƙarƙashin kujera. Baba yana zaune a mazauninsa, ya saka hannuwansa duka biyu tsakanin gwiwoyinsa, kansa a sunkuye. Baƙuwa tana kan benenta, ta naɗe ƙafafu.

"Ina kicin na ji ƙarar," in ji Gwaggo. "Na riga na aika a kira mai waldar ya zo ya kwashe benensa da magensa. Alkawari dai ke kika ɗauka."

Jakata ta suɓuce. Na zube a gaban Baba.

"Baba, ka gan ta? Da idonka ka ga ta hau?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Baba, don girman Allah ka yi min magana. In ka ce ta hau, wallahi ba zan yi musu ba. Ni na ba da kalmata, zan cika. Zan saurari wanda kuka ce, ko da zuciyata za ta tsage. Amma daga bakinka nake so in ji."

"Uwata..." Muryarsa ta karye. Ya kasa ƙarasawa.

"Ita kaɗai ta rage min a cikin abin da Umma ta bari yana numfashi, Baba. Shi kuma shi kaɗai ne ya gane hakan. Rana ɗaya za ku raba ni da su duka biyun?"

Gwaggo ta ce, "Kukan ya isa haka. Kar ki karya masa zuciya."

Sai aka yi sallama.

Dogo ne a bakin ƙofa, ya cika ta dam. Bai shigo ba tukuna. Ya cire takalmi. Ya zura hannu a aljihu ya fito da mayen ƙarfen nan, ya ajiye a waje, can nesa da ƙofa. Ya fito da makullai, da ɗan tef ɗin awo, ya jera su a gefe. Ya zazzage aljihun ya nuna babu komai, sannan ya shigo ya durƙusa.

"Baba, ina wuni. In ka ba ni izini in tsince kusoshin."

Baba ya gyaɗa kai.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙaton nan ya kwanta rub da ciki a ƙasan falonmu, ya kara kuncinsa da siminti don hasken taga ya nuna masa su. Yana ɗan jiƙa kan yatsa, ya dangwali kusa ɗaya, ya sa a faranti. Ɗaya bayan ɗaya. Ko Gwaggo ta jingina da bango tana kallo.

"Ashirin da uku, Baba. Sun cika?"

"Sun cika."

Ya miƙa masa farantin da hannu biyu. Baba ya zaro hannunsa na dama daga tsakanin gwiwoyi zai karɓa, sai ya fasa, ya mayar da sauri. "Ajiye a tebur," in ji shi.

Ni ban lura da komai ba a lokacin. Dogo ya lura. Na ga idonsa ya tsaya a wurin na ɗan lokaci, sannan ya sauke kai.

"Baba, kafin in ɗauke ta, ina roƙon abu ɗaya. A bar ni in yi mata tambaya."

"Mage za ka yi wa tambaya?" in ji Gwaggo.

Ya sa na ɗauko masa gwangwanin da nake ajiye kifin. Ya zaɓi mafi girma a ciki, ya ɗora shi a tsakiyar teburin Baba, ya ja da baya har bango. Baƙuwa ba ta ci komai ba tun safe.

Ta ɗaga kai. Hancinta ya motsa. Ta miƙe, ta yi miƙa, ta sauko ta jikin igiya. Ta taka har gindin teburin, ta ɗaga ido tana kallon kifin. Ƙafafunta na baya suka ɗan lanƙwashe, irin na shirin tsalle.

Na runtse ido, na buɗe.

Ta zauna. Ta dubi kifin, ta dube ni, ta yi wani ɗan siririn kuka. Sannan ta juya, ta kama igiya ta haye benenta, ta zauna a kan mayafin Umma ta zuba mana ido tana jira.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo, can ƙasa-ƙasa. Ta sulale ta zauna a hannun kujera. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba."

Ni ko motsi na kasa. Ji nake kamar na ga dabbar ta buɗe baki ta yi magana.

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta. "To in ba ita ba ce, wa ya zubar? Aljani?"

Dogo ya yi saurin matsawa ya dafa ƙafar teburin. "Bari in duba nan, Gwaggo. Tsohon tebur wani lokaci yakan yi rawa. In an ba ni dama in sa masa ƙarfe a ƙasa, shi kenan, ba sai an..."

"Bar teburin nan, yaro."

Baba ne. Ya ɗago kai, idanunsa sun kaɗa.

"Shekara talatin ina aiki a kansa, bai taɓa rawa ba. Kai ma ka san lafiyarsa ƙalau."

Ya zaro hannunsa na dama ya ɗaga shi a hasken taga. Hannun da ya ciyar da mu, wanda yake zare gashin agogo ba tare da ya lanƙwasa ba. Karkarwa yake. Yatsun suna kaɗawa su kaɗai, ya kama su da ɗaya hannun, suka ƙi tsayawa.

"Baba..." Na rarrafa na riƙe hannun. "Tun yaushe?"

"Wata biyar. Yana zuwa yana tafiya." Hawaye ya gangaro masa. "Na farko-farkon ita ce take zubarwa. Daga baya, wani nata, wani nawa. In ya suɓuce min sai in ce ita ce, tunda ba ta da bakin da za ta ƙaryata ni. Yau tana can sama tana kallo na na kifar da shi. Yayata ta shigo ta ce mage ce, na yi shiru. Na ji kunyar a ce mai gyaran agogo hannunsa ya tafi. Saura kaɗan in sayar da farin cikinki don in rufa wa kaina asiri, Uwata. Ki yafe min."

"Ban riƙe ka da komai ba, Baba. Me ya sa ba ka faɗa min ba? Da mun je asibiti tuntuni."

Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe fuska. "Ɗan'uwana, ina gidan nan wata takwas, ban gani ba."

"Shi ya gani," in ji Baba. "Kallo ɗaya ya yi. Kuma ya nemi ya ɗora wa tebur."

Dogo dai kansa yana ƙasa, kamar shi ne ya yi laifin.

Baba ya share fuska. Ya jawo wani ɗan ƙaramin agogo mai siririn madauri, wanda yake buɗe a kan tebur tun safe. Sai a lokacin na gane shi. Na Umma ne. Ya tsaya tun watan da ta rasu.

"Kusa ɗaya ta rage in ɗaura. Sati uku ina fama." Ya tashi daga kujerarsa, kujerar da ko ni ban taɓa zama a kai ba. Ya miƙa wa Dogo hantsaki. "Zauna. Ni zan zama ido, kai ka zama hannu. Kar ka yi komai sai na ce."

"To, Baba."

Kujerar ta yi ƙara da ya zauna. Hantsakin ya ɓace a cikin yatsunsa. Baba ya maƙala gilashi ya sunkuyo ta kafaɗarsa. "Ɗauki waccan. A hankali. Hagu kaɗan. Tsaya. Sake ta." Hannun Dogo ko gezau. Baba ya miƙa masa ɗan abin ɗaurewa. "Juya. Kaɗan. Ya isa."

Baba ya karɓi agogon, ya murɗa ɗan maɓallin gefensa don ya tashi, ya kara a kunne. Ya daɗe a haka idonsa a rufe. Sannan ya kara min a nawa kunnen.

Yana bugawa.

"Yaya," in ji Baba, bai juya ba, "ki ba Mai Kemis haƙuri." Ya dafa kafaɗar Dogo. "Kai kuma gobe ka dawo. Kar ka zo kai kaɗai, ka zo da manyanka. Wancan mayen ƙarfen naka dai ka bar shi a shago."

Dogo ya zame daga kujerar ya durƙusa yana godiya. Ni na yi dariya, na yi kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Baba ya ɗauki kifin da ke kan tebur, ya taka zuwa jikin bene. Ya sa na miƙo masa cokali, ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu, ko da yake tana sama tuntuni.

"Ke ma ki yafe min, Baƙuwa."

Ya miƙa mata. Hannun yana rawa, kifin yana kaɗawa, ta kai baki sau biyu tana kuskure. Sai ta ɗaga ƙafarta ta gaba, ba ta fito da farce ba, ta ɗora a bayan hannunsa ta danne shi ya tsaya.

A haka ta cinye kifin, ba ta ɗauke ƙafar ba.